Netflix ce ta raya The Office, ko shirin ne ya riƙe kansa?

Aminu: Salamu alaikum jama'a. Jiya da dare ƙanena ya sake kunna The Office, karo na nawa Allah kaɗai ya sani, har na haddace kiɗan buɗe shirin ba da son raina ba. Wanda bai san shi ba, wasan barkwanci ne na Amurka a kan ma'aikatan wani kamfanin sayar da takarda mai suna Dunder Mifflin a garin Scranton, da manajansu Michael Scott wanda bakinsa ba shi da linzami. To ga maganata, mai jin haushi ya ji: sunan da shirin nan ya yi a yau sa'a ce tsagwaronta. Netflix ce ta kakkaɓe masa ƙura, kullen korona kuma ya zaunar da mutane a gida babu abin yi. Lokacin da tashar NBC ke nuna shi daga 2005 zuwa 2013 bai taɓa zama gagarabadau ba. Daren da aka nuna kashi na ƙarshe, mutum kusan miliyan 5.7 ne suka kalla. Friends da aka rufe a 2004, fiye da miliyan 52 ne suka zauna kallon nasa ƙarshen. Ina aka haɗu?

Zulai: Wa alaikumus salam. Yaya Aminu da sassafe haka? Ko karyawa ba mu yi ba.

Bashir: Bar shi Zulai, ya zo da lissafi, da lissafi za a sallame shi. Aminu, korona ta rufe duniya a watan Maris na 2020. A watan Yuni na 2019, wata tara kafin nan, kamfanin NBCUniversal ya amince zai biya dala miliyan 500 don ya karɓe shirin daga hannun Netflix na tsawon shekara biyar, ya kai shi manhajarsa ta Peacock. Dala miliyan 100 duk shekara, a kan shirin da aka daina yi shekara shida kafin lokacin. Ka ga batun kulle ya faɗi tun ba a je ko'ina ba, sai dai idan za ka ce masu kamfanin duba suke yi.

Aminu: Na janye korona, rabi. Na ce rabi don a 2020 ɗin ne ƙididdigar Nielsen, kamfanin da ke ƙirga masu kallo, ta nuna an kalle shi na minti biliyan 57 a Amurka, ya fi kowane shiri a manhajojin kallo. Amma Netflix tana nan daram a maganata. Ga shaida: Suits, wasan lauyoyin nan da aka gama a 2019, babu wanda ke maganarsa. Da aka saka shi a Netflix a 2023 sai ya karya wancan tarihin da minti biliyan 57.7. Shi ma za ku ce gwanintar marubuta ce? Duk abin da manhajar nan ta tura maka gaban ido shi za ka ci. Sannan ƙidayar minti tana fifita doguwar tafiya. Shiri mai kashi 201, ka bar shi yana ta zuba kana wanke-wanke ko kana barci, ai dole minti ya taru.

Bashir: Wannan ta Suits ta shiga, ba zan yi musu ba.

Malam Garba: Ku yi haƙuri in sa baki. Ku duka kuna jayayya a kan kwafi, kun bar asali. The Office na gaskiya na Ingila ne. Ricky Gervais da Stephen Merchant suka rubuta shi, BBC ta fara nuna shi a watan Yuli na 2001. Kamfanin takarda ne shi ma, Wernham Hogg, a garin Slough, garin da Turawan Ingila kansu ke yi wa shaguɓe saboda rashin armashi. Zango biyu, kowanne kashi 6, sai kashi biyu na Kirsimeti a 2003, suka naɗe tabarmarsu. Kashi 14 ke nan gaba ɗaya, babu guda da za ka ce an yi shi don cike gurbi. Amurkawa suka ɗauka suka zuba masa sukari, suka ja shi shekara takwas har ya yi lami. A wannan gaɓar ina tare da Aminu: abin da ya yi suna shi ne wanda aka fi tallatawa.

Zulai: Malam, na gwada na Ingilan nan wallahi. Kashi biyu na kalla na kashe. Manajansu David Brent ɗin nan ba dariya yake ba ni ba, tsigar jikina ce ke tashi. Kamar an kulle ni a ɗaki da mutumin da ke ba da labarin da ba wanda ya tambaye shi.

Malam Garba: To ai abin da aka so ki ji ke nan, 'yata. Haka zaman ofis yake.

Zulai: Shi ya sa ba na son in dawo gida in sake shiga ofis.

Bashir: Zulai ta taɓo inda nake son zuwa. Ku ba ni dama in ɗan yi tsawo, don harkar ɗaukar hoto ita ce abincina, kuma na zauna na bi yadda aka gina shirin nan.

Abin da Malam Garba yake so, shi Amurkawa suka fara yi, kuma ya kusa kashe su. Kashi na farko da aka nuna ranar 24 ga Maris 2005 kusan kwafin na Ingila ne layi bayan layi, har da wasan da wani ma'aikaci mai suna Jim ya yi wa abokin aikinsa Dwight na saka masa abin maƙale takardu a cikin jeli. Mutum miliyan 11 suka leƙo don su ga me aka zo da shi. Kafin a gama kashi 6 na zangon farko sun koma ƙasa da miliyan 5. Michael na wannan zangon mugun oga ne kawai, an sharce masa gashi baya kamar mai sanƙo, hasken ofishin dishi-dishi, kowa fuska a murtuke. Idan ana cewa Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, to wannan Larabar ba ta nuna komai ba. Kevin Reilly, wanda ke shugabantar sashen nishaɗi na NBC a lokacin, shi ya tsaya kai da fata aka sake ba su dama.

Abu biyu suka faru a 2005. A watan Agusta wani fim ɗin barkwanci da Steve Carell, mai fitowa a matsayin Michael, ya ja ya yi kasuwa sosai, dare ɗaya NBC ta farka ta ga ashe tauraro ne a hannunta. Sannan a ƙarshen shekarar aka fara sayar da shirin a iTunes, matasa suka yi ta saye suna kallo a iPod. Aminu zai ce ka ga sa'a, kuma na yarda akwai ta. Amma Greg Daniels, wanda ya juya shirin zuwa na Amurka, tsohon marubucin The Simpsons ne, ya san cewa mutumin da za a kalla sau 14 daban yake da wanda za a zauna da shi sau 200. Sai suka sake gina Michael. Wautarsa tana nan, rashin ta-idonsa yana nan, amma aka ba shi abu biyu da David Brent ba shi da su sosai: ya iya sayar da kaya da gaske, kuma yana son mutanen nan har zuciya, son da su ba su roƙa ba.

Ku duba kashin farko na zango na biyu. Michael ya tara ma'aikata a gidan cin abinci yana raba musu kyaututtukan da ya ƙirƙira, kowa ya ƙosa ya tafi. Sai wasu baƙi daga wani teburi suka fara yi masa ihu suna jifansa. Ya yi tsuru-tsuru, ya ce a tashi. Pam, mai karɓar baƙi, wadda ta fi kowa shan wahalarsa, ita ta fara tafi tana cewa ita ba a ba ta nata ba tukuna, a ci gaba. Ma'anar a fili take: wawanmu ne, mu za mu zage shi, bare bai isa ba. Daga wannan daren shirin ya zama wani abu daban, kuma a 2006 ya lashe kyautar Emmy ta wasan barkwanci mafi kyau, Carell kuma ya karɓi Golden Globe. A lokacin Netflix faifan DVD take aika wa mutane ta gidan waya.

Aminu: Kyauta ba ta nufin jama'a na kallo. Shirye-shirye nawa suka ci Emmy yau ko sunansu ba a tunawa?

Bashir: Da yawa. Shi ya sa tambayar ita ce me ya sa wannan bai bi su ba, alhali da yawansu su ma an zuba su a manhajojin kallo.

Anti Rabi: Ni dai ban san minti biliyan nawa ba, kuma ban taɓa biyan kuɗin Netflix ba. Autata ce ta kawo shi a waya, daga wajen masu tura fina-finai na bakin kasuwa, lokacin da na yi jinyar ƙafa wata biyu ina kwance. Turancinsu da sauri yake, sai da ta saka min rubutun ƙasa. Na yi shekara talatin da biyar ina aikin gwamnati kafin in yi ritaya, kuma wallahi babu mutum ɗaya a ofishin nan da ban zauna da irinsa ba.

Stanley, mai cike wasan kalmomi a lokacin taro, ƙarfe biyar na bugawa ya ɗauki jakarsa: mun yi wani haka, shi jarida yake shimfiɗawa a kan fayil, kuma ranar da aka ce za a raba shinkafar azumi ne kaɗai za ka ga yana sauri. Angela ta sashen kuɗi, wadda ke ganin kowa ɗan wuta ne sai ita. Dwight, mai kai rahoto, wanda aka ba shi muƙamin da babu shi a takarda yana ta ɗaga kafaɗa. Akwai wani da muka yi aiki da shi, aka ce ya riƙa riƙe makullin sito na wucin gadi, shekara bakwai yana sa hannu a takarda da muƙamin da shi ya raɗa wa kansa.

Amma wanda ya fi taɓa ni Michael ne. Na yi wani oga, ba zan faɗi wuri ba, wanda zai kira taro ƙarfe goma ya riƙe mu har azahar yana ba da labarin ƙuruciyarsa, idan ya yi abin dariya sai ya bi fuskokinmu ɗaya bayan ɗaya ya ga wa bai dara ba. Mun tsane shi. Ranar da mahaifina ya rasu, shi ne mutum na farko daga ofis da ya iso gidanmu, ya zauna a tabarma har la'asar, kuma bai ce uffan ba, abin da ban taɓa zaton zai iya ba. Akwai wani kashi da Pam ta baje zane-zanenta a wani wurin nuni, ta gayyaci 'yan ofis, kusan babu wanda ya zo, ɗaya daga cikin waɗanda suka zo ma ta ji abokinsa yana kushe aikin. Tana shirin cire zanen daga bango sai ga Michael a makare. Ya tsaya gaban zanen ginin ofishinsu, yana nuna motarsa da tagarsa, ya ce zai saya. Da na ga wannan sai da na ajiye wayar. Aminu, Netflix ba ta san wannan ogan nawa ba.

Aminu: Allah ya jiƙan Baba, Anti. Ba zan yi jayayya da abin da kika ji a ranki ba. Amma ki lura, wannan halin na ofis kowane wasan ofis yana da shi.

Nura: Ba kowanne ba. Ina zaune a Ingila shekara tara yanzu, kuma abin da ya ba ni mamaki shi ne 'ya'yan Turawan nan da muke aiki tare, masu shekara ashirin da wani abu, na Amurka suke kallo, ba na ƙasarsu ba. Malam Garba, ka yi haƙuri. Suna girmama na Gervais kamar yadda ake girmama kakan da ba a cika ziyarta ba. Wata abokiyar aikina ta ce min ita ba kallonsa take ba, kunna shi take yi idan ta shiga gida don kada ɗakin ya yi shiru. Ga ni nan na kawo wa Aminu hujja da hannuna, na sani. Sai dai ku tambayi kanku me ya sa shi ake zaɓa ya raka mutum. Babu dariyar 'yan kallo da aka naɗa ana watsa maka kowane daƙiƙa goma. Ƙarar waya ce, da na'urar kwafe takardu, da mutane suna magana ƙasa-ƙasa. Za ka iya shiga ta kowane kashi ba ka ɓata ba, minti 22 an gama.

Aminu: Wato dai rediyo ne mai hoto. Na gode Nura, ka taya ni aiki.

Bashir: Wannan shirun da Nura ke faɗa gina shi aka yi, ba tsintarsa aka yi ba. Dabarar ita ce wai wasu masu shirin gaskiya ne suka zo ofis suna ɗaukar rayuwar ma'aikata. Don abin ya zauna, suka ɗauko Randall Einhorn, mai ɗaukar hoton da ya yi aiki a shirin gaskiya na Survivor, wanda ya saba bin mutanen da ba su san me za su yi nan gaba ba. Shi ya sa za ka ga kyamara tana leƙe ta tsakanin labulen taga, tana makara wajen juyawa, wani lokaci hoton ya ɗan dushe kafin ya daidaita. Idan Jim da Pam suna maganar da ba su so a ji, daga nesa ake ɗauka, ta bayan shukar da ke cikin tukunya. Kai mai kallo sai ka ji kamar laɓe kake yi.

Sannan zaɓen 'yan wasa. Allison Jones da ta yi aikin ta nemo fuskokin da ba a sani ba. Phyllis Smith ma ba 'yar wasa ba ce a lokacin, ma'aikaciyar ofishin zaɓen ce, tana karanta wa masu gwaji layi, darakta Ken Kwapis ya ce a ba ta kujera a shirin. Jenna Fischer ta yi shekaru tana aikin karɓar baƙi da sakatariya kafin ta zama Pam. Marubuta uku, Mindy Kaling da B.J. Novak da Paul Lieberstein, suna rubutu kuma suna fitowa a ciki. Kuma tunda ofishin fili ɗaya ne, ko ba ka da layi a fitowar dole ka zauna a teburinka kana motsi a baya, yini guda. A Kalifoniya aka ɗauki shirin, amma hotunan Scranton da ke farkon kowane kashi John Krasinski ne ya je garin ya ɗauko da kansa bayan an ba shi matsayin Jim.

Abin da wannan ya haifar shi ne, a kallo na uku kana ganin abin da ba ka gani ba a na farko. Ka bar mai magana ka kalli Creed a can ƙurya, ko fuskar Oscar. A talabijin na mako-mako wannan aikin asara ne, don sau ɗaya za a gani. Da aka samu wurin da za a iya maimaitawa, sai ya zama jari.

Malam Garba: Duk dabarun nan da ka lissafa, Bashir, na Ingila ne ya fara su. Kallon kyamarar da Jim ke yi, Tim ne ya fara, wanda Martin Freeman ya fito a matsayinsa.

Bashir: Gaskiya ne Malam, ban ƙwace musu ba. Gervais da Merchant ma suna cikin furodusoshin na Amurkan, har sun rubuta kashi ɗaya a zango na uku.

Baba Ɗanjuma: Ina ta karanta ku ina murmushi. Ni ban kalli wannan abin naku ba sai guntaye da jikoki ke nuna min. Amma mu da muka taso da Samanja Mazan Fama a rediyo da talabijin na Kaduna, mun san daɗin wasan wurin aiki tun kafin a haifi wasunku. Marigayi Usman Baba Pategi soja ne na gaske kafin ya zama Samanja, shi ya sa barikin nasa ya yi kama da bariki: mai muƙami yana muzurai, na ƙasa suna sara masa suna dariya a ciki, Hausa da Turancin bariki a cakuɗe. Babu Netflix, babu intanet, ga shi har yau idan aka ambaci sunan sai ka ga dattijo ya washe baki. Ku ci gaba, ina jin ku.

Aminu: Baba, Allah ya ƙara girma. Amma ka ga Samanja tasha ɗaya ce a gari, kowa ita yake kallo. Maganata ce dai ta dawo: wanda ya riƙe hanyar isa ga mutane shi ke naɗa sarki.

Baba Ɗanjuma: Wasanni nawa aka yi a tashar nan guda ɗaya? Lissafo min biyar.

Zulai: Baba ya gama da kai Yaya.

Aminu: Bai gama ba. Bari in kawo wadda ba ku da amsarta. Steve Carell ya bar shirin a watan Afrilu na 2011, a zango na bakwai. Me ya biyo baya? Aka kawo Will Ferrell na ɗan lokaci, aka kawo James Spader, aka ɗora Andy a kujerar manaja aka lalata halinsa, a zango na tara har aka jawo mai riƙe makirufo cikin rigimar auren Jim da Pam. Masu kallo suka yi ta zarewa. Idan ginin ne mai ƙarfi kamar yadda Bashir ke faɗa, me ya sa da aka cire mutum ɗaya ya tsage? Zango biyu cur, kusan kashi 50, masoyan shirin kansu suna cewa a tsallake. Shirin da kusan rubu'insa ake tsallakewa shi ne za a kira gwani na gwanaye?

Anti Rabi: Nan kam ka faɗi gaskiya. Bayan tafiyar Michael na ci gaba ne don in ga ƙarshen Dwight da Angela, ba don daɗi ba.

Bashir: Ban da abin cewa a kan zango na takwas. Ofishin an gina shi ne a kan mutum ɗaya da kowa ke kauce wa, da ya tafi sai aka rasa wanda za a haɗu a kansa. Abin haushin ma, sau shida ana saka Carell a takarar Emmy a kan Michael, bai taɓa ci ba.

Malam Garba: Da sun tsaya inda ya kamata, kamar na Ingila.

Nura: Da sun tsaya a kashi 14, Malam, da yau mu huɗu ne muka san shi, kuma da kai ne shugabanmu.

Zulai: Ni bari in faɗi ta inda na shigo, don ba ta Netflix ba ce, ba kuma ta NBC ba. Ta sitika na shigo. Shekara biyu ina tura hoton wani Bature yana ihu yana cewa a'a, ban san sunansa ba, ban san daga ina aka yanko shi ba. Sai wata rana a TikTok na ci karo da guntun da Dwight ya kunna wuta a kwandon shara don ya gwada ko 'yan ofis sun san abin yi idan gobara ta tashi. Ya toshe ƙofofi, ya zafafa hannayen ƙofa, mutane suna ture juna, Angela ta jefa kyanwarta cikin silin ta faɗo ta wani gefen, Stanley ya yanke jiki ya faɗi. Na yi dariya har Mama ta leƙo ta ce lafiya. Daga nan na nemi shirin gaba ɗaya. Ƙawayena da yawa haka suka same shi.

Bashir: Wannan kashin an nuna shi ne daf da gama wasan Super Bowl, wasan ƙarshe na gasar ƙwallon Amurka, a watan Fabrairu na 2009, mutum miliyan 22.9 suka kalla, mafi yawa a tarihin shirin. Da gangan aka yi buɗewar yadda wanda bai taɓa ganin shirin ba zai yi dariya ba tare da ya san kowa ba. Ga shi bayan shekara goma sha wani abu ya kamo Zulai ta hanyar da masu yin sa ba su taɓa tunani ba.

Zulai: Amma akwai wanda ba na iya kallo har yau. Wanda Michael ya yi wa yaran firamare alƙawarin zai biya musu kuɗin jami'a, bayan shekara goma suka gama sakandare suka gayyace shi suna yi masa waƙa da rawa, shi kuwa ko sisi ba shi da shi, sai batirin kwamfuta ya kawo musu. Kunya ta kama ni kamar ni na yi alƙawarin. Sai na rufe fuska da mayafi.

Anti Rabi: Ai shi ne sirrin. Mu da aka raina da kunya, ganin mutumin da ba shi da ita ko ƙwayar zarra, abin tsoro ne kuma abin dariya. Sai dai in ja kunnen iyaye: ba shirin da za a kunna a falo da yara ba ne. Akwai maganganun batsa, akwai shaye-shaye, akwai inda ni da autata muka yi kamar ba mu ji ba.

Nura: Shi kansa Carell ya taɓa nuna shakkar ko za a karɓi irin halin Michael idan yau aka fara shirin. Duk da haka ana ta sake yin sa. Jamusawa sun yi nasu mai suna Stromberg tun 2004, Faransa ta yi, Indiya ta yi a 2019, Saudiyya ma ta yi nata da Larabci a 2022, Al Maktab. A 2025 Greg Daniels ya dawo da wani sabo, The Paper, a kan wata jaridar da ke neman durƙushewa a Toledo, har da Oscar a ciki. Fischer da Angela Kinsey, wadda ta fito a matsayin Angela, kuma a 2019 suka fara shirin sauti suna bin kashi-kashi suna ba da labarin yadda aka ɗauka, mutane suna saurare.

Aminu: Duk wannan cin gajiyar suna ne. Idan saniya tana ba da nono ai ba a barin tatsa.

Bashir: To ita saniyar wa ya ba ta nonon?

Aminu: Ka ji inda na tsaya. Korona na janye gaba ɗaya, tunda cinikin 2019 ya riga ta. Na yarda zango na biyu zuwa na biyar aiki ne na ƙwararru. Abin da ban janye ba: da a ce shirin nan ya tsaya a faifan DVD da maimaicin tashoshi, da yau matsayinsa ɗaya da sauran wasannin NBC na zamaninsa da masu sharhi suka yaba jama'a suka manta. Kuma ba ku ba ni amsar Suits ba.

Bashir: Amsar Suits sai nan da shekara goma. Idan a lokacin akwai yarinya irin Zulai da ke tura fuskar lauyoyin nan a sitika ba ta san sunansu ba, zan zo har gida in ba ka haƙuri.

Malam Garba: Ni kuma har yanzu babu wanda ya nuna min kashi ɗaya na Amurka da ya kai ƙarshen na Kirsimetin 2003, lokacin da Dawn mai karɓar baƙi ta buɗe kyautar Tim a cikin mota ta juyo.

Anti Rabi: Turo min shi Malam, in gani da idona. Amma da rubutun ƙasa, don Turancin Ingila ya fi na Amurka wuyar kamawa a kunnena.

Zulai: Yaya Aminu, tambaya ɗaya. Ka ce ƙanenka ne ke kunnawa kai ba ka so. Ya aka yi ka san mai riƙe makirufo ya shiga rigimar Jim da Pam a zango na tara?

Aminu: Falo ɗaya gare mu.

Zulai: Har zango na tara?

Aminu: Oga ya shigo, sai anjima.